Sabon Daɓen Katako a Gidan Manaja

Ranar da aka sauke katakon a ƙofar gida, Baba yana kan zagayensa na goma sha huɗu.

Aikinsa ke nan safe da yamma, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi ya bar masa ƙafar hagu mai nauyi kamar ba tasa ba. Daga ƙofar ɗakinsa zai bi ta siririn lungu, ya ratsa falo, ya taɓa tagar da ke kallon titi, ya juyo. Mai gashin ƙashi ta asibiti ta ce sau ashirin da safe, sau ashirin da yamma, kada ya fasa, domin ƙafar da ta fara farfaɗowa in aka bar ta zaune komawa take yi, kuma in ta koma ba lalle ta sake dawowa ba. Baba bai yi mata musu ba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota, ya san abin da ajiya take yi wa inji. Sandarsa ta ƙarfe ce mai ƙafa uku, kowace ƙafa da faffaɗar roba a ƙasanta. Ya dasa sandar, ya taka da dama, ya jawo hagu. Wata huɗu da suka wuce sai an ɗaga shi. Yanzu shi yake kai kansa banɗaki.

Gidan na ɗansa ne, wanda kowa yake kira Manaja tun da aka ƙara masa girma a wurin aiki, har matarsa, har Baban kansa. Manaja ya je gidan wani abokin aikinsa ya ga daɓen katako yana ɗaukar ido, ya dawo ya sa aka fasa tsohon daɓen falo da na lungu, aka zuba sabon siminti. Kwana goma da zubawa ya kirawo kafinta.

Kafintan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Kafin ya taɓa katako ko ɗaya sai ya yanko leda faɗin faranti, ya manna ta a kan simintin da salatif, ya ce sai gobe. Washegari ya ɓare ledar a gaban Manaja. Ƙasanta ya yi raɓa, simintin wurin ya yi duhu.

"Yallaɓai, ka gani? Simintinka yana gumi."

"Aikin ƙarfi ya yi da zai yi gumi?" in ji Manaja, yana duba agogo.

"Sama ne ya bushe, cikinsa akwai ruwa. A ba shi wata biyu. Shi ma katakon a shigo da shi a jera da 'yan sanduna a tsakani, ya yi mako biyu yana shan iskar gidan nan har ya saba. Katako ko an sare shi bai daina shan ruwa ba. In ya sha ya kumbura, in ya bushe ya tsuke."

"Wata biyu! Ranar Asabar ta sama manyanmu na ofis za su zo gidan nan da matansu. A kan siminti zan zaunar da su?"

"To aƙalla ka bar ni in bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da bango, ya samu wurin motsi."

"Ka bar mini rami a gindin bango, kyankyasai su yi gida?"

"Ai da siririn katako ake rufe wurin, ba wanda zai gani."

"Na ce ka matse shi da bango. Ni ba na son aikin da aka yi rabi da rabi."

Baba ya tsaya a tsakiyar falo yana haki, ya dogara da sandarsa. "Manaja, ka ji maganar mai sana'a. Ko taya ba a cika ta da iska har wuya in za a hau kwalta mai zafi."

"Baba, don Allah. Wannan ba mota ba ce. Ka ci gaba da tafiyarka."

Kafinta ya naɗe ledarsa ya sa a aljihu. "Zan yi yadda ka ce, yallaɓai. Amma tsoho shaida ne, na faɗa."

Kwana huɗu ya yi yana aikin. Ya shafa gam a kan simintin, ya riƙa jera fallayen katakon, kowanne da ɗan harshe a gefe da yake shiga kwarin na kusa da shi, yana bugawa a hankali da gudumar roba. Ya goge saman da inji, ya shafa man sheƙi sau uku. Ranar Asabar baƙi suka zo, suka yaba har Manaja ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Baba yana ɗakinsa yana jin dariyarsu da ƙwas-ƙwas ɗin takalman matan.

Ranar Lahadi da safe yana zagaye na uku sai ya tarar da Manaja a durƙushe gaban doguwar kujera, yana shafa ƙasa da yatsa.

"Baba, zo ka ga aikin sandarka."

'Yan ramuka ne ƙanana kamar an danna kan ƙusa, sun fi ashirin. Baba ya ɗaga sandar ya nuna masa robar. "Dubi faɗin wannan, dubi faɗin wancan. Kuma ni yaushe na taɓa bi ta gaban kujerar nan? Hanyata ta gefen bango take."

"To aljanu ne suka yi?"

Matar Manaja tana tsaye da tsintsiya. Ita ce ta zaunar da matan baƙin a kan kujerar, ta ga tsinin takalmansu da idonta. Baba ya dube ta. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shara.

Da yamma aka ɗaure wa ƙafafun sandar tsummokara, kowace da ƙullinta kamar mai ciwon yatsa. Tsumma a kan katako mai sheƙi ba ya kamawa. Baba ya dasa sanda ta zame, ya sake dasawa ta zame, sai ya koma tafiya a ɗarare, yana sa nauyinsa duka a ƙafar dama. Ashirin ta koma goma. Ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce, "Za ka saba."

A mako na uku daɓen ya fara kuka. A lungu ne, wurare biyu, duk wanda ya taka sai ya ce ƙii. Matar gida ta taka ya yi, Manaja ya taka ya yi, amma su sau ɗaya suke wucewa. Baba ne mai kai da komo, saboda haka kukan ya zama nasa.

"Jan ƙafar nan da kake yi ne yake kwance gam ɗin," in ji Manaja. "Kai ba ka ji ba? Kamar ana jan buhu. Ga sandar ma, tsumman ya huje, ta fara karce mini wuri."

"A kwance tsumman a bar ta da robarta mana."

"A'a. Ka huta da ita tukuna. Likitoci ma cewa suke yawan dogara da sanda yana sa ƙafa ta yi lalaci."

"Wane likita ne ya ce haka?"

"Baba, ni fa ba na son gardama da safe."

Ya ɗauki sandar ya fita da ita, Baba ya ji ƙarar rufe bayan mota. Daga ranar sai dafa bango. Hannun dama a bango, ƙafar hagu a baya, ya kai ƙarshen lungu ya tsaya, domin tsakanin nan da taga fili ne, babu abin dafawa. Yakan tsaya ya hango hasken tagar da saman motocin da ke wucewa, ya juyo. Bayan kwana biyar matar gida ta nuna masa layin shatin hannu da ya fito a jikin farin fenti.

"Baba, ka ga bangon nan. In ya gani ni zai yi wa faɗa."

"To 'yata, da me zan tafi? Da iska?"

"Ni dai ba ni da ta cewa. Ka rage fitowa kawai, a zauna lafiya."

Ya rage. Banɗaki kawai, sai ɗan zagaye biyu ko uku idan ya ji motar Manaja ta fita.

Sai gefunan fallayen suka fara tashi. Kowane falle tsakiyarsa ta lotsa, bakinsa biyu suka ɗago, har in mutum ya taka da ƙafa babu takalmi yana jin kaifi. A lungu abin ya fara, inda iska ba ta shiga, daidai tsakanin ƙofar Baba da ƙofar banɗaki. Manaja ya duba a wayarsa, waya ta ce ruwa ne yake kawo haka. Ya kira matarsa.

"Da ruwa kike goge wurin nan?"

"Wallahi da busasshen tsumma nake bi, kamar yadda ka ce."

"To wa yake zubar da ruwa a lungu?"

Baba yana zaune a bakin gadonsa, ƙofa a buɗe. Ya ga ɗansa, ɗan da ya goya a kafaɗa ya kai shi makaranta ranar farko, ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya kai hancinsa ƙasa yana shinshina katako. Manaja ya miƙe yana karkaɗe gwiwar wando, ya sassauta murya, irin sassaucin da ya fi tsawa ciwo.

"Baba, in abin yana kufce maka ne kafin ka kai banɗaki, ka faɗa. Ba abin kunya ba ne, tsufa ne."

Baba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Ni? A gaban matarka kake gaya mini haka?"

"Ai don a samu mafita nake faɗa."

"Ka ji wari a wurin?"

"Katako yana shanyewa."

"Kafinta ya gaya maka simintin bai bushe ba. A gabana ya faɗa."

"Kullum kafinta, kafinta! Ka fi yarda da bare a kan ɗanka. In simintin ne, me ya sa falo bai tashi ba? Me ya sa sai ƙofarka?"

Kafin azahar an kawo bokiti mai murfi an ajiye a gefen gadonsa. An ɗauke butar ruwan shansa, aka ce in yana jin ƙishirwa ya kira a kawo masa a kofi. Aka ja ƙofar aka rufe, wai saboda kada iskar ɗakin ta dami mutane.

Ɗakin taku huɗu ne daga gado zuwa ƙofa. Kwanakin farko ya riƙa yin huɗun nan, ya dafa kan gado, ya dafa kabad, ya taɓa ƙofa, ya dawo. Amma a taku huɗu ƙafa ba ta miƙewa, juyawa ce kawai, kuma a juyawar ne rannan ya faɗi tsakanin gado da bokiti. Ya daɗe a ƙasa kafin matar gida ta ji kiransa. Manaja ya dawo ya tsaya a kansa.

"Ka ga abin da nake gudu? Yanzu da a lungu ne da ka fasa kai. Don lafiyarka muke yi, Baba, amma kai gani kake mugunta ce. Ka zauna a gado. Me ka rasa? Abinci yana zuwa, magani yana zuwa."

"Ranar Laraba ce ranar asibitina."

"Larabar nan akwai taro. Sai wata mai zuwa."

Wata mai zuwa ya zo, aka ce mota tana gareji. Baba ya rage shan ruwa da kansa, domin kunyar miƙa wa surukarsa bokiti ta fi masa ƙishirwa zafi. Leɓensa ya tsage. Da safe yakan kama ƙafar hagu da hannu biyu ya ɗaga ta ya sauke, yana ƙirgawa a ransa, amma kullum gwiwar ƙara ƙin miƙewa take, diddigen yana janyewa sama, yatsun suna kallon ƙasa. Ya san abin da yake faruwa. Ya kira matar gida sau biyu ya roƙe ta ta yi wa mijinta magana a kan sandar. Ta ce za ta gwada idan ta ga yana cikin fara'a. Ba ta taɓa ganinsa cikin fara'a ba, domin daɓen kullum ƙara lalacewa yake.

Wata safiya, mako na shida da rufe ƙofar, aka ji ƙara a falo kamar an karya reshe. Tsakiyar daɓen ta tashi ta yi tudu mai tsayin tafin hannu, tun daga ƙofar shigowa har gindin taga, teburin tsakiya ya karkace, ƙofar waje ta ƙi buɗuwa sai da aka yi ta turawa. Manaja ya kira kafinta yana zage-zage a waya.

Baba ya ji shigowarsa, ya ji sallamarsa a natse. Ya ja jiki zuwa ƙarshen gado ya kasa kunne.

"Dubi aikin banzan da ka yi mini!"

"Bari in buɗe mu gani, yallaɓai."

Ƙarfe ya shiga ƙarƙashin katako, falle ya ɓalle.

"Taɓa bayansa. Jiƙe yake. Ka ga baƙin nan? Funfuna ce. Ka ga gam ɗin ya yi fari ya saki? Shi ya sa yake kuka in an taka. Ruwan siminti ne yake fitowa, bai samu hanya ba sai ta cikin katako. Katakon ya kumbura, ya nemi wurin motsi ya tarar da bango, to ina zai je in ba sama ba? Dubi gindin bangon, har filasta ya tsage."

"Ba daga sama ba ne? Akwai tsoho a gidan, ka gane... wani lokacin ruwa yana zuba a lungu."

"Ruwan da ya zuba daga sama, sama yake ɓatawa. Sai ka ga sheƙin ya dusashe, ya yi tabo. Dubi saman nan, fes yake. Lungu ne ya fara saboda can ne babu iska. Ko ba mutum ɗaya a gidan nan haka zai yi."

"To ramukan can na gaban kujera fa? Ba sanda ba ce?"

"Wace sanda? Mai roba ɗin nan ta tsoho? Wannan ai tsinin takalmin mata ne, na ga irinsa ya fi a ƙirga." Kafinta ya sake cewa, "Ina tsohon ma? Ban ji ƙarar sandarsa ba."

"Yana hutawa," in ji matar gida da sauri.

"Kai ne mai sana'a," in ji Manaja. "Da ka san haka zai faru, me ya sa ba ka dage ba? Ni me na sani a kan katako? Ka ce a yi, aka yi."

"Ni na ce a yi?"

"Ka karɓi aikin ko ba ka karɓa ba? To shi ke nan. Yanzu mene ne gyara?"

Gyaran shi ne abin da aka faɗa tun farko. A cire katakon duka, a zubar da wanda ya ruɓe, a buɗe tagogi a bar siminti ya bushe, a shimfiɗa abin tare danshi, a shigo da sabon katako ya zauna ya saba da gidan, a bar tazara a bango. Wannan karon Manaja bai yi musu a kan ko ɗaya ba. Har cewa ya yi in wata uku ne ma a jira, shi ba ya son a sake yin gaggawa.

Da yamman ranar da aka gama cire katakon ya buɗe ƙofar Baba, ya jingina sandar da gado. Tsummokaran suna jikinta, ga ƙurar bayan mota.

"Ga sandarka. Yanzu siminti ne, ka yi ta yawonka. Kuma ka daina ɗaure mana fuska, Baba, kowa yana kuskure. Mu abin da muka gani muka faɗa."

Baba ya kwance ƙullin tsumman ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Ya dasa sandar, ya sa ƙafar dama, ya yunƙura. Ya tashi rabi. Ƙafar hagu ta rataye a lanƙwashe, yatsunta kaɗai suke taɓa ƙasa. Ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa har jijiyar wuyansa ta fito, ya sake komawa. A karo na uku Manaja ya duba wayarsa ya fita.

Sai ranar Laraba aka kai shi asibiti, mutum biyu suka ɗauke shi daga mota. Mai gashin ƙashi ta kwantar da shi, ta kama diddigen ta tura, ta danna gwiwar, ta sake dannawa. Fuskarta ta canza.

"Baba, kai da na bari kana zagaye arba'in a rana? Yaushe rabonka da tafiya?"

Baba ya kalli silin.

"Ƙyuya yake yi, likita," in ji Manaja. "Kin san tsofaffi. Mun yi fama da shi har mun gaji."

Ta dube shi, ta dubi leɓen tsohon da ya tsattsage. Ta ce jijiyoyin sun tsuke, gwiwar ta riga ta kafe a lanƙwashe. Za a ci gaba da gashi don kada ta ƙara, amma tafiya irin ta da, kada a sa rai. A nemi keken guragu.

Ba duka aka yi wa tsohon nan ba, ba a hana shi abinci ba, ba a kore shi daga gida ba. Duk wanda ya tambayi maƙwabta za su ce ɗa ne mai riƙe mahaifinsa. Kowane abu da aka karɓe masa an karɓe shi ne da dalili, da murya mai sanyi, wani lokacin har da cewa don lafiyarsa ne. Wanda ya yi kuskuren ya san shi ya yi tun ranar farko, matarsa ma ta sani, amma a gidan akwai mutum ɗaya da ba zai iya tashi ya bar musu wurin ba, kuma shi aka ɗora wa.

Manaja ya karɓi takardar da mai gashin ƙashin ta rubuta, ya karanta, ya ninke. Har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Likita, tambaya ɗaya. Keken nan, tayoyinsa ba sa barin shati a ƙasa? Don za mu sa sabon katako a gidan."

Matar ta ajiye alƙalaminta a hankali. Kafin ta buɗe baki Baba ya ɗaga hannu daga kan gadon.

"Bar shi, 'yata. Kai kuma kwantar da hankalinka, Manaja. Ba zan fito ba."